A Miƙa wa Ɗalibi Kyamara



Dattawan da ke zaune a nan sun san majigi. A da, tun zamanin Turawan mulkin mallaka, mota kan shigo gari da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fada, a koya wa jama'a tsafta da noma. Ke nan koyarwa da fim tsohon abu ne a ƙasar nan. Sai dai a majigi namu kallo ne kawai. Roƙon da na zo da shi yau shi ne a miƙa wa yaro kyamarar da kansa.

A shekarar 1995, shekara ɗari bayan 'yan'uwan nan biyu, su Lumière, sun nuna fina-finansu a Paris, gidan adana fina-finai na Faransa ya ɓullo da wani shiri na makarantu, Alain Bergala na cikin jagororinsa. Aikin da ake fara ba yaro a shirin ɗan ƙarami ne: ya ɗauki hoton minti ɗaya, kyamara a kafe wuri guda, ba yanka, ba haɗi. Ai kuwa wayar aljihun malami ta isa wannan.

To, mu ce malamar kimiyya ta tura yara biyar marinar Ƙofar Mata. Minti ɗaya gare su, don haka dole su yi gardama: hannun marini za a ɗauka, ko bakin ramin? Suna tsaye za su ga ƙyalle ya fito daga ruwan baba kore-kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonsu. Me ya sa? Marini zai ba su amsarsa, littafi ya ce aikin iskar oksijin ne, su kuma su zauna su rubuta bayanin da za a ɗora a kan hoton, jimla huɗu ko biyar, cikin Hausa mai kyau ko Turanci. Yaron da ya saba haddace ma'ana ya juye ta a takardar jarrabawa, a nan ba shi da mafaka, domin hoton zai tona shi. Kuma wallahi sau da yawa yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ita ce za ta ce, “Malama, rana na bayansa, fuskarsa ba ta fito ba.”

Na san abin da ke ran iyaye. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da fim ɗin Turmin Danya a 1990, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kalmar fim da maganar tarbiyya ba su rabu ba. Wannan tsoro yana da dalili, kuma ban yarda a raina shi ba. Maganinsa doka ce: ba a ɗaukar kowa sai da izininsa, ba a ɗaukar yaro sai da yardar iyayensa a rubuce, kuma fim ɗin ba ya hawa intanet. A aji za a kalle shi, ko ranar taron iyaye da malamai. Neman izinin ma darasi ne, tunda sai yaro ya durƙusa ya gaida dattijo, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Saura batun maki. Kada malami ya ba da shi don kyan hoto, domin ɗan mai babbar waya zai cinye. A duba takardar tsari, da tambayoyin da suka shirya, da bayanin da suka rubuta. Ajin da ke da yara tamanin kuwa, a raba su rukuni-rukuni, rukuni biyu kowane mako, kafin zango ya ƙare kowa ya riƙe wayar.