RUWAN SHA DA AIKIN MAJALISAR ƘARAMAR HUKUMA

Ga jawabin da wani injiniyan ruwa ya karanta a gaban taron shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi.



Duk sa'ad da aka ta da zancen ruwan sha a zauren majalisar ƙaramar hukuma, ba a rasa wanda zai miƙe ya ce wannan aikin Hukumar Ruwa ta Jiha ne, a wuce zuwa batun rumfunan kasuwa. Mai wannan magana yana da rabin gaskiya. Tsarin Mulki na 1999, inda ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, bai ambaci gidan ruwa ba. Amma fa ya ambaci lambatu, da kwashe shara da ƙazanta, da mayanka, da kasuwanni, da bayan gida na jama'a. Waɗannan kuwa su ke sa ruwan da ya baro gidan ruwa da tsabta ya isa randa da tsabtarsa, ko kuwa ya isa da cuta.

Da can ruwan birni bai yi nisa da hukumar gari haka ba. Legas ta sami gidan ruwa na Iju a 1915 daga hannun gwamnati, amma na Kano, wanda aka kafa a bakin kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ce ta yi shi da kuɗin baitulmalinta. Sai daga baya, da aka ƙirƙiro jihohi, manyan gidajen ruwa suka riƙa komawa hannun hukumomin jiha.

Aikin gidan ruwa ba wani asiri ba ne. A jawo ruwan kogi, a zuba masa alimun don laka ta dunƙule ta kwanta, a bi da shi ta cikin yashi ya tace, sa'an nan a sa masa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sami ragowar kulorin rabin miligiram a kowace lita bayan minti 30, kada kuma ya gaza miligiram 0.2 a bakin famfo. Wannan 'yar ragowa ita ce mai gadin ruwan a hanya, ba ta kuwa da ƙarfin da za ta yi ta faɗa da najasa har abada.

To, a hanyar nan ne ɓarna take. A unguwanni da yawa bututu yana kwance cikin lambatu, ga tsatsa, ga ramukan da masu satar ruwa suka huda. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsiyaya. Da zarar an ɗauke shi, sai bututun ya zuƙo abin da ke kewaye da shi, watau ruwan kwata da na salga da jinin mayanka. Ran da aka maido da ruwa, wannan ne zai fara shiga bokitin matan gida da jarkokin 'yan ga-ruwa. Ba a gidan ruwa wannan laifi ya auku ba. Lambatun na majalisa ne, mayankar ma tata ce.

Ƙasar nan ta san kuɗin wannan sakaci. Kwalara ta shigo a ƙarshen 1970, ta kashe kusan mutum 3,000 a 1971. A 1991 ta kashe fiye da 7,600. A 2021 an lissafa fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, galibinsu a jihohin Arewa. Talaka ne ke kwanciya, shi ne kuma wanda ya bi layi cikin rana ya zaɓi kansila.

Maganar kuɗi ma ba ta fid da majalisa ba. Manufar ƙasa ta ruwa da tsabta ta shekarar 2000 ta ɗora wa ƙaramar hukuma kashi 20 cikin 100 na kuɗin kafa ruwan karkara, da kashi 10 na birni. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko mene ne ya biyo bayan hukuncin, jama'a sun ji labarinsa, za su kuwa yi tambaya.

Abin da ake roƙon kowace majalisa ba mai yawa ba ne. Kwamitin lafiya ya nemi taswirar bututun garin daga Hukumar Ruwa, ya san inda suka ratsa lambatu, a fara yashe waɗannan kafin damina. Kada a yarda a haƙa salga ƙasa da mita 30 daga rijiya. A yi wa 'yan ga-ruwa rajista, a san inda suke ɗiba, ba don a tatse su da haraji ba, gama su ke shayar da unguwannin da famfo bai kai ba. A kuma saya wa duba-gari ɗan abin awon kulorin, wanda kuɗinsa bai kai na tayar motar ciyaman guda ba, ya riƙa auna famfunan kasuwa da na makarantu, a karanta sakamakon a kowane zama kafin a shiga rabon kwangila.