Babban Babur: Ribarsa Da Hasararsa



An nemi in yi magana a kan babban babur, irin wanda matasa ke sha'awa yanzu, saboda na taɓa mallakar guda. A shekarar 2019 na tara albashi na sayi na hannu mai inji cc 650. Idan muka tuna cewa Bajaj Boxer da 'yan kabu-kabu ke hawa cc 100 ne, za mu gane irin dabbar da na hau.

Ba zan ɓoye amfaninsa ba. Ina aiki a Gusau, mahaifiyata tana Bungudu, kuma duk yammar da na so nakan je in gaishe ta in komo kafin magariba. Ba ya jin tudu, ba ya rawa idan tirela ta wuce, birkinsa kuma ya fi na ƙaramin babur nesa ba kusa ba. Ga kwarjini, duk inda na tsaya sai yara su kewaye ni.

To, amma fa kowane allazi da nasa amanu. Na farko, gyara. Bakanikenmu na unguwa bai san cikinsa ba, kayan gyara kuwa sai an aika Kano ko Legas. Na biyu, mai. Da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, shi kuwa ba ya ƙoshi. Na uku, halin da jiharmu ta shiga. Saboda 'yan bindiga da babura suke yawo, a 2021 gwamnati ta hana hawan babur da dare, kuma kowane shingen bincike sai an tsayar da kai.

Babbar illar ita ce gudu. Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin a tsaya takan ninka huɗu. Ban fahimci wannan darasi ba sai wata Asabar a ƙarshen 2023, a hanyar Tsafe, da akuya ta gitta gabana. Na taka birki, amma ina! Na karye a kafaɗa, na yi wata biyu ban leƙa ofis ba. Hular kwano ta tsage gida biyu. Da ba don Allah ya sa na saka ta ba, da yau wani ne ke tsaye a nan. Mahaifiyata ta zo asibiti, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, gaisuwar da za ta raba ni da kai ba na son ta." Ina warkewa na sayar da shi.

Saboda haka, ƙannena, ba na ce haramun ba ne. Amma kafin ka saya, tambayi kanka: aljihunka zai iya riƙe shi? Zuciyarka za ta iya haƙuri da ƙarfin da hanyarmu ba ta ba ka damar amfani da shi ba? In ka saya, ka nemi lasisi, ka koya a hannun gwani, kada ka hau ba hular kwano. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Allah ya tsare mu, ya ba jiharmu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.