Niyyar Sabuwar Shekara Tare da Naƙasassunmu

Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa mazauna Wunti, muna yi muku barka da shiga sabuwar shekara. Allah da Ya nuna mana Muharram, Ya nuna mana ƙarshenta lafiya.

Mu 'yan kasuwa mun san al'adarmu. Shekara in ta juyo, sai mu rufe shago, mu buɗe littafi, mu ga uwar kuɗi, mu ga riba, mu ga bashin da ke waje, sannan mu ce bana ga abin da za mu saro. To, jama'a, akwai lissafin da muke tsallakewa kowace shekara, shi ne na naƙasassun da ke gidajenmu, waɗanda yanzu ake ce wa masu buƙata ta musamman. Ɗan da ke da lafiya mukan ce bana zai yi sauka, 'yar kuma bana za ta shiga sakandare. Amma makaho da kurma da gurgu, sai mu ce "Allah Ya ba shi lafiya", shi ke nan, zance ya ƙare. Shekara goma ta wuce yana zaure ɗaya.

Addininmu bai koya mana haka ba. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka. Ya yi ladanci tare da Bilal, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla idan ya yi tafiya. Aiki aka ba shi, ba ƙoƙon bara ba.

Saboda haka ga shawararmu ta bana, abu uku ne kacal.

Na farko, a tambayi mai abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai wani matashi gurgu a layinmu, shekara biyu muna tara masa kuɗin keken ɗinki ba mu taɓa tambayarsa ba. Ranar da muka zauna da shi, sai ya ce shi gyaran waya yake so, kuma babbar damuwarsa matakala uku ce a ƙofar masallaci. Kunya ta kama mu. Buhun siminti biyu ya raba gardama, yau yana sahu. Yaro ƙarami ma a tambaye shi. In ba ya magana, a lura da abin da yake miƙa wa hannu, a tambayi mahaifiyarsa.

Na biyu, niyyar ta zama ɗaya, ƙarama, mai ƙirguwa. "Za mu kula da shi" ba niyya ba ce. A ce: kafin Rabi'ul Awwal zai iya sa rigarsa da kansa. Kafin azumi za ta haddace sura biyar. Kafin Babbar Salla mutanen gida za su koyi alama hamsin ta maganar kurame, don yarinya ta daina zama baƙuwa a ɗakin uwarta. Magidanci makaho kuwa, a ce bana zai riƙe tebur na kansa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, mu ba shi kaya a kan amana kamar yadda aka ba mu lokacin da muka sauka garin nan. Wanda ya isa shiga makaranta, ga makarantar makafi da kurame nan a Yalwa, ba sai an bar Bauchi ba. Har Alƙur'ani akwai shi a rubutun makafi da ake karantawa da yatsa.

Na uku, a rubuta, a riƙa dubawa duk wata uku. Bashin da ba a rubuta ba, mun san yadda yake ƙarewa. In an cim ma niyya, a yi murna, a sa wata. In ba a cim ma ba, kada a yi wa yaro faɗa; mu ne muka ɗora kayan da ya fi ƙarfinsa, sai mu rage. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu kuma sani hukuma ta yi doka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta hana amfani da su wajen bara. Ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Amma doka ba za ta shigo zaurenmu ta tambayi ɗanmu abin da yake so ba. Wannan namu ne.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne a buɗe littafi guda wajen magatakarda. Kowane gida mai naƙasasshe, in ya yarda, ya kawo niyya ɗaya kafin taron wata mai zuwa, a haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa leƙawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya sa baɗi war haka mu buɗe littafin nan mu ga riba. Wassalamu alaikum.