Mai Jinya A Asibiti: In Ba A Gaya Maka Kome Ba

Yau maganarmu a kan mai jinya ce, watau mutumin nan da ya kawo ɗansa ko matarsa daga Guri, ko Auyo, ko Birniwa, aka ba su gado a Haɗejiya, ko kuwa aka tura su gaba, Dutse ko Kano. Yana kwana bisa tabarma a baranda, yana ganin masu fararen kaya suna shiga suna fita, bai san abin da ake ciki ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Na ga wannan a gidanmu. A daminar 2022, sa'ad da Kogin Haɗejiya ya yi ambaliya ya ci gonaki da hanyoyi, yayata ta kwanta a wani asibiti nesa da gida, zazzaɓi ya ƙi sauka. Kwana huɗu ba wanda ya ce wa mijinta uffan, sai dai a miƙo masa takarda ya sayo magani. Ran na biyar na iske shi ya ɗaure kaya, wai zai mai da ita ƙauye a yi na gargajiya, a kwalekwale kuwa, gama hanya ta yanke. Na ce ya dakata mu ga sista tukuna. Ashe taifot ake zato, an kuwa fara magani. An ɗebi jininta an kai ɗakin gwaji, irin gwajin da sai an jira ƙwayar cutar ta tsiro, kwana biyu ko uku ko fi. Taifot kuma, ko an dace da magani, zafin jiki yakan yi kwanaki kafin ya sauka. Da ya tafi da ita magani ya yanke, hanji yana iya hujewa, ga su tsakiyar ruwa ba mai tiyata. Ma'aikata sun yi kuskure da ba su yi masa bayani ba, ba zan ɓoye ba don ni ma ma'aikaci ne. Amma shi ma bai tambaya ba, wai yana jin nauyi.

To, ku sani tambaya hakkinku ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a gaya wa majiyyaci halin da yake ciki, da maganin da za a yi masa, da amfaninsa, da haɗarinsa, da kuɗinsa, in da hali cikin harshen da yake ji. Wanda Fillanci ko Barbarci ko Badanci ya fi masa sauƙi, sai ya nemi tafinta. Amma dokar nan ta hana a baza sirrin majiyyaci, saboda haka likita ba zai buɗe maganar ga kowane mai dubiya ba. Ku fid da mutum ɗaya mai natsuwa, majiyyaci ya faɗa da bakinsa cewa shi ne wakilinsa. In mace ce, sau da yawa 'yar'uwarta ta fi mijinta jin gaskiyar abin, don kunya.

Likita yakan zaga gadaje da safe. Nan ne labari yake. Wakili kada ya tafi sayen koko a lokacin. In an fitar da ku waje, ku tsaya kusa da ƙofa, ku roƙi sista ta sada ku da likita in ya gama. Ka gaishe shi, ka tambaya a taƙaice: wane ciwo ake zato, me ake jira, yaushe za a sani? In bai fahimce ka ba, ko kai ba ka fahimta ba, ka maimaita abin da ka ji, shi kuwa ya gyara maka. In ya ce sai an ga sakamako, yawanci gaskiyarsa ke nan, shi ma jira yake yi.

Akwai abin da ba a jira safiya dominsa. In majiyyaci yana jijjiga, ko jini yana zuba, ko numfashi ya yi sama-sama, ko ya daina gane mutane, ko hannun da ake ƙarin ruwa ya kumbura, ka kira nas nan take, ko da tsakar dare ne, ko da za ta yi maka tsawa.

Kada damuwa ta sa ku ba shi jiƙo a ɓoye. In an ce kada ya ci kome kafin tiyata, to, ko kunu kada a ba shi, gama in an sa shi barci abincin yana iya komawa huhu. In an ce ana bukatar jini, ku aika gida tun da wuri a turo samari masu lafiya.

Na gida kuma, a sa musu lokaci ɗaya, misali bayan magariba, wakili ya buga waya ya faɗi abin da likita ya ce kurum, ban da ƙari. In an sallame ku, kada ku fita sai da takardar sallama. Ku kawo mana ita ɗakin shan magani, mu ga abin da aka yi, mu san ranar komawa.