TSARABAR DA BAI KAMATA MU KAI GIDA BA

(Jawabin da wani dattijon ƙungiya, ɗan kasuwar goro, ya gabatar a taron ƙarshen shekara na Hausawa mazauna Sabon Shagamu)

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, direbobi da samari, barkanmu da wannan zama.

Kun san ni, ni ba likita ba ne, goro nake sayarwa, karatuna kuma na allo ne da Islamiyya. Amma fiye da shekara talatin ina kai da kawowa tsakanin nan da Kano, na ga abin da ya sa na roƙi a ba ni minti goma. A yi mini afuwa, maganar akwai nauyi.

Jama'a, yawancinmu iyalinmu suna Arewa. Mutum sai ya yi wata shida bai leƙa gida ba. Sallah na zuwa mu ɗaure atamfa da manja da goro mu hau mota. To akwai wata tsaraba da wasu ke kai wa matansu ba tare da sun sani ba, ita ce cuta.

Akwai wani abokina, ba zan kama suna ba. Shaiɗan ya rinjaye shi a nan, bayan kwana kaɗan ya fara jin zafin fitsari, farin ruwa na fita. Kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya sayi kafso a kemis ya sha na kwana biyu, zafi ya lafa, ya ce ya warke. Ya tafi gida. Baiwar Allah matarsa ta shekara bakwai ba haihuwa, ga ciwon mara. Aka ce aljanu ne, aka ce sammu ne, har aka zargi kishiya. Da aka je asibiti daga baya, likita ya ce ciwon sanyi ne ya toshe mata hanyar ƙwai. Wallahi ranar da ya ba ni labarin kuka yake yi.

Abin da na koya a wurin ma'aikatan lafiya ga shi. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace shiru ba alama, yana ɓarna. Yana warkewa, amma sai an sha magani daidai, kuma a yi wa miji da mata tare. Mai mata biyu ko uku, duka za a duba. Tunjere kuwa ƙurji yake fitowa a al'aura marar zafi, ya ɓace da kansa, mutum ya ɗauka shi ke nan, alhali ƙwayar tana cikin jini, har ta kashe ɗa a ciki. Allurar fenisilin tana maganinsa.

Sai ƙanjamau. A 1986 aka fara ba da rahotonsa a ƙasar nan, lokacin muna kiransa kabari kusa. Yanzu ba haka abin yake ba. Har yau babu maganin da ke raba mutum da ita, amma akwai ƙwayar da ake sha kullum, ana bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe ta da gaske zai ci gaba da kasuwarsa, idan gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta ba zai shafa wa matarsa ba. Mai ciki ma idan tana sha, da yardar Allah jaririnta ya tsira. Binciken gwamnati na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ita a Nijeriya sun kai miliyan 1.9.

Wadda muka fi sakaci da ita ita ce cutar hanta, wadda likitoci ke kira hefataitis B. Binciken nan ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna da ita. Ta jini take bi, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Tana cin hanta shekara da shekaru, sai ciki ya kumbura mu ce jifa ne. Alhamdu lillahi tana da rigakafi: babba allura uku, jariri kuma a yi masa ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu.

Na ɗaya, mu ji tsoron Allah mu kame kanmu. Wanda kuma ya san ya zame, kada ya haɗa zunubi biyu, ya je a gwada shi kafin ya kusanci iyalinsa. Idan likita ya ce a sa kwaroron roba har a gama magani, a sa.

Na biyu, gwaji kafin aure. Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ina roƙon limamanmu na Sabo su ma su nemi takardar gwaji kafin ɗaura aure, na budurwa ko na bazawara. Wannan ba zargin ɗan kowa ba ne.

Na uku, aska da reza. Kowa ya mallaki tasa, wajen aski, ƙaho, kaciya ko yankan farce. Wanzamanmu, sabuwar reza ga kowane kai, mu za mu biya. Allura kuma kada a yarda da wadda aka yi wa wani.

Na huɗu, mu daina gudun marar lafiya. Ƙanjamau ba ta bin musafaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko sahun salla, ko cizon sauro. Tsegumin da muke yi shi ke sa mutane su ɓoye har su mutu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma mace amana ce a hannun mijinta. Mun baro gida ne domin mu rufa wa iyali asiri. Ni dai na je an gwada ni, da ni da matana biyu, ban kuma ragu da komai ba. Ina ba shugabanni shawara su gayyato ma'aikatan lafiya nan filin kafin azumi, ni zan fara miƙa hannu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.