Sirrin Ɗan Makaranta Amana Ne

Jama'a, duk wanda ya san Kasuwar Katako ta Jos ya san ba a ɗaukar ko da mudun hatsi sai da yardar mai shi. To, haka doka ta ɗauki sunan yaro da hotonsa da sakamakon jarrabawarsa: kaya ne masu ubangiji.

A da, waɗannan abubuwa suna cikin rajista ne, a kulle a ofishin hedimasta. Amma tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, makarantu da yawa suka shiga aika darasi da sakamako ta intanet, ta hannun kamfanoni. Abin da ya shiga na'urar kamfani kuwa, wuyar dawowa gare shi. Hoton yarinya da kwatancen gidansu, in suka faɗa hannun mugu, nadama ba ta da amfani.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa. A watan Yuni na 2023 kuma Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Sashe na 31 ya ce inda ake bukatar yarda, in yaro ne, watau wanda bai kai shekara 18 ba, lalle a nemi ta mahaifi ko waliyyi. An yi rangwame ga aikin koyarwa da ke hannun ma'aikacin da riƙe sirri ya wajaba a kansa, amma wannan bai halatta sa hoton yaro a tallar makaranta ba.

Saboda haka, kafin magidanci ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya kamata ya yi tambaya uku: Me za a karɓa? Wa zai gani? Yaushe za a goge? In takardar da Turanci take, ya nemi a fassara masa. Yana da ikon janye yardarsa, da neman a gyara kuskure. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutarwa, wajibi ne makaranta ta sanar da hukumar cikin awa 72. In ta yi kunnen ƙashi, sai a kai ƙara NDPC.

Yaro bai san abin da zai cuce shi gobe ba. Manya su ne garkuwarsa. Allah Ya ba da ikon riƙon amana.