HAUSA A FUSKAR KWAMFUTA: INA AKA KWANA, INA AKA DOSA?



Batun da aka ɗora mana a yau shi ne yadda ake sauya wa kwamfuta harshe daga Ingilishi zuwa Hausa, da kuma abin da za mu ƙaru da shi idan mun yi haka. Wanda ya ji kan maganar zai ce ai wannan aikin masu gyaran na'ura ne, ba ya buƙatar a tara jama'a. To, haƙiƙa sauyin kansa bai fi aikin 'yan mintoci ba. Amma abin da muke so mu tabbatar kafin mu zauna shi ne, na'ura ba ta zama mai jin Hausa don kawai an matsa mata maɓalli, sai masu harshen sun yi aiki da ita, sun rubuta harshensu daidai, sun kuma haɗu a kan kalmomi guda.

Da farko ya kamata mu tuna cewa wannan gari da muke ciki ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. A shekarun 1950, lokacin da Kaduna take hedkwatar Jihar Arewa, da Ingilishi da Hausa ake gudanar da muhawara a Majalisar Dokoki a zauren Lugard. Wakili yana da damar ya miƙe ya yi magana a kan haraji ko asibiti da Hausa, a kuma rubuta abin da ya faɗa. Wannan ya sa aka bukaci kalmomi na mulki da na shari'a da na kuɗi, sai gwamnati ta kafa Hukumar Hausa a 1955 don ta daidaita rubutu ta kuma tace kalmomin aro. Kafin nan, tun watan Janairu na 1939, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Alhaji Abubakar Imam yana editanta, ta saba wa mutane da ganin Hausa a bugun ɗab'i da baƙaƙenta masu lanƙwasa. Wato ke nan magabatanmu sun shigar da harshen cikin injin buga jarida da zauren majalisa. Abin da ya rage mana shi ne mu shigar da shi cikin na'urar da ke kan teburinmu.

Yanzu bari mu zo kan ita kwamfutar. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce uwa, a kanta sauran manhajoji suke zaune, kamar Windows ko Linux. Idan mutane suka ce za su sauya mata harshe, yawanci sukan ɗauka abu guda ne, alhali kuwa abubuwa uku ne daban-daban. Na farko shi ne harshen da na'urar take yi wa mutum magana da shi, wato rubutun da ke kan maɓallai da saƙonnin gargaɗi. Na biyu shi ne tsarin madannai, wato harafin da zai fito idan an danna kowane maɓalli. Na uku shi ne tsarin yanki, wanda ya shafi yadda za a rubuta kwanan wata, da sunayen ranaku kamar Litinin da Talata, da alamar kuɗi. Ana iya sauya kowane ɗaya a bar sauran biyun.

Akwai kuma wata lamba da injiniyoyi suka yi wa harshenmu, wadda ya kamata kowane ɗalibi ya sani, ita ce ha-Latn-NG. Gaɓar farko tana nufin Hausa, ta biyu tana nufin rubutun boko, don kuwa an san muna da ajami, ta uku kuwa tana nufin Nijeriya. An ware ƙasa ne saboda akwai ɗan bambanci tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar. Alal misali, inda muke rubuta 'y a kalma kamar 'ya'ya, su da harafi guda mai lanƙwasa suke rubutawa, wato ƴ, kuma kuɗinsu sefa ne, namu naira.

Dangane da abu na farko, tun zamanin Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, kamfanin Microsoft ya fitar da ƙunshin fassara na Hausa da Yarbanci da Ibo, aka kuma ci gaba da samun na Hausa a Windows 7 da 8 da 10. A kan Windows 10, wadda kamfanin ya daina kula da ita a watan Oktoba na 2025 amma har yanzu ta cika ofisoshi da shagunan buga takardu, hanyar ita ce: a shiga wurin saiti, a buɗe sashen lokaci da harshe, a zaɓi ƙara harshe, a nemo Hausa, a bar na'urar ta sauko da ƙunshin ta intanet, a naɗa Hausa harshen fuska, sa'an nan a fita daga asusu a sake shiga. Shi ke nan. Kada kowa ya ji tsoro, wannan ba ya goge fayil ko ɗaya, ba ya kuma fassara takardun da mutum ya riga ya rubuta. Wasiƙar da aka buga da Ingilishi tana nan da Ingilishinta, kuma duk lokacin da aka ga dama ana iya komawa.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya game da abin da za a tarar. Irin wannan ƙunshi ba cikakkiyar fassara ba ce. An ɗora shi ne a kan Ingilishi, aka fassara wuraren da aka fi yawan shiga, saboda haka da mutum ya nutsa cikin saiti sai ya ga Turanci ya dawo. Har ila yau, zai ci karo da kalmomin da bai taɓa ji a bakin kowa ba, ko a Kawo ko a Tudun Wada ko a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi. Mutumin da ya saba cewa fayil da firinta da maus sai ya tsaya yana tunanin me ake nufi. A nan ne da yawa suke karaya, su koma inda suka fito, suna cewa Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Mu kuwa a ganinmu laifin ba na harshe ba ne. Kalma ba ta zaunawa sai an yi ta juya ta a baki. Mota da asibiti da rediyo da gwamna duk sun taɓa zama baƙi, yau kuwa ba mai tambayar asalinsu. Abin da ya hana kalmomin kwamfuta zama shi ne masu amfani da su kaɗan ne, kuma kowane kamfani da tasa fassarar. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya buɗe da Hausa a 2016, amma babu wata hukuma guda da take ce musu ga kalmar da masu harshe suka yarda da ita.

Abu na biyu, wato madannai, shi ne a wurinmu ya fi kowanne muhimmanci, ko da yake shi aka fi mantawa da shi. Hausa tana da baƙaƙe waɗanda Ingilishi ba shi da su: ɓ da ɗ da ƙ da kuma 'y. Ba ado ba ne. Lanƙwasar nan ita ce ta raba ƙasa da kasa, da ƙafa da kafa, da baƙi da baki, da faɗa da fada. Akawun da ya rubuta cewa an yi fada a wani gari, alhali faɗa yake nufi, ya mai da rahoton rikici ya zama labarin ginin gidan sarki.

Matsalar ta daɗe. A zamanin tafireta sai mai bugu ya gama sa'an nan ya bi da alƙalami yana yi wa haruffa ƙugiya. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka tsara jerin haruffa na bai-ɗaya domin harsunan Nijeriya, wanda Hermann Zapf, mashahurin mai zanen haruffa na ƙasar Jamus, ya sa hannu a ciki. Da kwamfuta ta yaɗu a shekarun 1990, malamanmu, cikinsu har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, suka ƙirƙiro salon haruffa na musamman masu lanƙwasa, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u babban amfani. Dabarar wancan zamani ita ce a aro wani maɓalli da Hausa ba ta buƙata a ɗora masa siffar harafinmu. Muddin salon yana cikin na'ura, rubutu zai fito tsaf. Amma da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da shi, sai aron ya tonu, a ga qasa ko }asa maimakon ƙasa, a ga xaya maimakon ɗaya, a ga vata maimakon ɓata. Dama Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Kundayen digiri da yawa suna nan ajiye a cikin wannan hali.

Maganin wannan ya samu tuntuni. Akwai wani tsari na duniya mai suna Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Ƙaramin ƙ lambarsa 0199, ɓ tana da 0253, ɗ kuwa 0257. Harafin da aka buga ta wannan hanya ba ya sauyawa, ko an aika shi Yamai ko Landan. Windows tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta, Linux ma haka. A na Windows, idan an riƙe maɓallin Alt na hannun dama aka danna b ko d ko k, sai mai lanƙwasa ya fito, kuma ana sauyawa tsakanin madannan Hausa da na Ingilishi ta riƙe maɓallin Windows a danna dogon maɓallin tazara. Ba sai an sayi komai ba, ba kuma sai an sauya harshen fuska ba.

Me ya sa muke matsa wa wannan? Saboda kwamfuta ba ta da hankalin da za ta gane nufi, lamba kawai take gani. Idan an shigar da sunan wani ƙauye ko wani ma'aikaci sau uku ta hanya uku, yau da ɗ, gobe da d, jibi da x, to a wurinta abubuwa uku ne, kuma ranar da aka zo nema ba lalle ne a samu duka ba. Ku yayyenmu da ke sakatariya, ku ne kuke rubuta sanarwar rigakafi da ta takin zamani da ta rajistar ƙasa, waɗanda za a karanta wa mutanen da ba su jin Turanci. Kazalika takardun da kuke bugawa yau su ne wata rana za su zama abin bincike, kamar yadda muke zuwa Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a nan Kaduna muna karanta na magabata. Idan muka bar musu rubutu gurgu, mun bar musu wahala.

Akwai masu cewa Kaduna gari ne na kowa da kowa, akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Yarbawa da Ibo, saboda haka sa Hausa a kwamfutar ofis danniya ce. Wannan magana abin dubawa ce, kuma ba mu ce a tilasta wa kowa ba. Amsar tana cikin na'urar kanta, domin harshen fuska yana bin asusun mutum ne. Ma'aikata biyu suna iya amfani da kwamfuta guda, ɗaya da Hausa ɗaya da Ingilishi, ba wanda ya taka wani. Bugu da ƙari, ƙofar da Hausa ta shiga ita ce sauran harsunanmu za su bi, don su ma suna da haruffan da madannan Ingilishi ba su sani ba. Wasu kuma suna cewa ɗalibin da ya koyi kwamfuta da Hausa zai sha wuya wajen neman aiki. Mu ba mu ce a jefar da Ingilishi ba. Mun ce a riƙe biyu, kamar yadda sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci tare da Ingilishi a harkar Majalisar Tarayya, idan an yi tanadin da ya dace. Tanadin nan kuwa ba daga sama zai faɗo ba.

Saboda haka muna ba da shawarwari guda huɗu. Na ɗaya, kowane ɗalibi da ma'aikaci ya sa madannan Hausa a kwamfutarsa a cikin wannan mako, ya daina rubuta Hausa ba lanƙwasa. Na biyu, wanda na'urarsa take da ƙunshin Hausa ya gwada shi na wata guda, yana rubuta duk kalmar da ta ba shi wuya da wadda yake ganin ta fi dacewa. Na uku, ƙungiyarmu ta tattara waɗannan kalmomi ta miƙa wa malaman sashen Hausa, su kuma su tuntuɓi takwarorinsu na Zariya da Sakkwato da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, domin a sami jeri guda da kowa zai bi. Na huɗu, 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta su taimaka a juya tsofaffin kundaye zuwa Unicode, su kuma shiga aikin fassara manhajojin Linux, waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga duk mai son sa hannu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanonin Amurka sun yi abin da suka ga zai amfane su, ba kuwa za su san Hausa fiye da mu ba. Mutanen da suka zauna a wannan gari a 1955 suna tace kalmomi ba su da intanet, ba su da kwamfuta, amma sun bar mana harshen da ake karanta labaru da shi a gidajen rediyon duniya. Mu da aka sauƙaƙa wa aiki ba mu da hanzari.